A Bar Yara Su Matse Lemon

'Ya'yana mata da surukaina, har da ku iyaye maza masu ganin maganar madafa ba taku ba ce, ku matso kusa. Yau hirar lemo za mu yi.

Abin da ya tayar da maganar, ran nan ne da rana tsaka ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ƙaramin maigidana, jikan nan nawa ɗan shekara biyar, ya zo ya faɗa jikina wai shi lemo zai sha. Na ce masa, "To angona, a ina ake samun lemo?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "A shagon bakin layi, cikin firji." Na yi dariya har da ƙwalla, amma da dariyar ta lafa sai jikina ya yi sanyi. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya saba gani ya faɗa. Kalmar nan lemo a wurin Larabawa muka aro ta, su laimun suke cewa, kuma sunan ɗan itace ne mai bishiya da ganye da ƙaya. Yau kwalba da roba sun ƙwace sunan, har an wayi gari in ka ce wa yaro lemo, abin da ke da murfi yake hangowa.

Washegari na aiki yayansa ya sayo mana lemon tsami da ɗanyar citta, na shimfiɗa tabarma, na tara su su bakwai, na ce yau mu ne kamfanin. Tun daga ranar duk Asabar sai sun zo sun tsaya mini a kai, "Kaka, yau na me za mu yi?" Abin da na gani a wannan zama na Asabar shi ne nake so in ba ku, ko Allah Ya sa wata ta ɗauka.

Kafin in yi wa kowa faɗa, bari in fara da kaina. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare, ina koya wa 'ya'yan mutane ƙirga da awo, amma da na dawo gida na shiga madafa, kalmar da ta fi yawa a bakina ita ce, "Ku matsa, za ku ɓata mini aiki." Wata rana 'yar farina, wadda har yau ba na iya kama sunanta, tana 'yar shekara shida ta ɗauki ludayi za ta taya ni dama tsamiya, sai ta tuntsurar da ƙwaryar. Na daka mata tsawa ta fita da kuka. Uwar mijina, Allah Ya jiƙanta da rahama, tana gefe tana kaɗi. Ba ta ce komai ba sai da na gama share wurin, sannan ta ce, "'Yar nan, tsamiya dai gobe akwai ta a kasuwa. Amma wadda kika kora yau, ita za ki kira gobe ta ba ki ruwa. Hannun da bai ɓata ba, yaushe zai iya gyarawa?" Na ji maganar, sai dai na daɗe ban gane ta ba. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin tashi, na gane ta sarai.

Dalilin da ya sa na ce a fara da lemo, aiki ne da kusan babu wuta a cikinsa, babu tafasasshen mai, kuma kowane yaro yana da abin da zai iya. Ɗan shekara uku a ba shi roba da ruwa ya wanke lemon, zai wanke har da rigarsa, ba komai. Ɗan shekara biyar ya ɗora lemon a kan faranti ya mirgina shi da tafin hannu yana dannawa, don lemon da aka murza ya fi sakin ruwa. Mai shekara bakwai ko takwas ya matse, ya riƙe mataci, ya tsince 'ya'yan, domin in aka bari suka farfashe a ciki sai lemon ya yi ɗaci. Wuƙa da abin goga citta kuwa na babba ne, ko yaron da ya haura shekara goma, shi ma ana tsaye a kansa. Auta, wanda bai iya komai ba, shi ne sarkin ɗanɗano. Ku ga yadda yake yamutsa fuska in tsami ya kama shi, wannan kaɗai ya isa a yi zaman.

Kada a ce wannan aikin 'yan mata ne a kori maza waje. Ɗanki namiji wata rana zai tafi makaranta ko bautar ƙasa ko neman abinci a garin da ba shi da kowa. Wata rana matarsa ma za ta kwanta rashin lafiya. Mai shayi da mai tsire da mai sayar da lemo a tasha duk maza ne, ba wanda ya ce sun zubar da girma.

Abu na farko da za a koya musu, tun kafin a taɓa lemo, shi ne sabulu da ruwa. Kowa ya wanke hannu har tsakanin yatsu, a duba farce. Ruwan da za a haɗa lemon da shi kuma ya zama wanda kika yarda da shi, in akwai shakka a tafasa shi tun da safe a bar shi ya huce. Mu da muka ga abin da amai da gudawa ke yi wa unguwa a lokacin damina ba ma wasa da wannan. Ƙanƙarar da ake sayarwa a hanya ma ba kowacce ake jefawa cikin abin sha ba, don ba ki san ruwan da aka daskarar ba. In kin saya, ki bar ta a ledarta ki jera robar lemon a jikinta, sanyin zai shiga ba tare da ruwan ya shiga ba. Yaron da aka nuna wa wannan da hannu sau uku, ya fi wanda aka yi wa wa'azin tsabta shekara guda riƙewa.

Sai awo. Ni ga yadda nake yi: ruwa lita 2, wato ruwan leda guda 4, lemon tsami ƙanana 8 zuwa 10, citta kamar tsawon babban yatsa a goge a tace, sukari cokalin cin abinci 4 ko 5, ganyen na'ana'a in akwai. Amma ba na faɗa musu duka a lokaci ɗaya. Tambaya nake yi. In leda 4 ta ci lemo 8, leda 6 fa? In mu tara ne, kowa zai sha kofi ɗaya, leda nawa za mu fasa? Kishiyata, jikata 'yar aji uku da ake ta ƙorafin ba ta gane lissafi, a kan tabarmar nan ta fara ba da amsa kafin yayyenta. A allo lambobi ne kawai suke mata gizo. A nan kuwa in ta yi kuskure wani zai rasa kofinsa, shi ya sa hankalinta ya tsaya.

Maganar sukari tana buƙatar a zauna a kanta kaɗan. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, in ma da hali a tsaya ƙasa da kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce giram 25 ba, kimanin cokalin shayi 6. To akwai lemon roba na santilita 50 da sukarin cikinsa ya haura cokalin shayi 10. Yaro ya shanye shi a tsaye ya ce a ƙaro. Gwamnatin Nijeriya ma ta lura, shi ya sa a dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan abin sha. Ni ban haramta wa kowa lemon kwalba ba, ranar suna da ranar salla ana sha. Abin da nake yi, wata Asabar na sa babbansu ya zuba cokali 10 na sukari a cikin kofin gilashi, na ajiye a gabansu na ce ga abin da ke cikin roba ɗaya. Suka yi tsit. Lemon gida ma in aka cika masa sukari ya zama ɗan'uwan na kwalba. Bambancinsa shi ne cokalin yana hannunki, kina iya rage rabi yau, ki sake ragewa wani mako, harshen yaro ya saba a hankali bai ma sani ba.

Kuskure kuwa za a yi, ki sa wannan a ranki tun kafin a fara. Ranar da ƙaramin maigidana ya samu na juya baya, ya juye sukarin gwangwanin gaba ɗaya a cikin robar. Yayyensa suka yi masa ca. Na ji tsohuwar tsawar nan tawa ta taso har maƙogwaro, sai na tuna da matar nan mai kaɗi. Na ce, "To, yanzu ya za mu yi?" Ɗaya ta ce a zubar. Ɗaya ya ce a ƙara ruwa. Aka ƙara ruwa ya yi salam, aka ƙara lemo, aka sake ƙara ruwa, kafin a daidaita shi mun tashi da bokiti guda. Ya fi ƙarfinmu. Aka zuzzuba a kwanoni aka kai maƙwabta gida huɗu, sauran aka ba almajiran da ke zaure. Yaron da ya fara da hawaye, da yamma shi ne yake bugun ƙirji wai lemonsa aka sha a layin. Da na yi tsawa, abin da zai koya shi ne ya riƙa ɓoye laifi. Da aka yi haƙuri sai ya ga ashe abin da ya ɓaci ana iya taruwa a gyara.

In an saba da na lemon tsami, sai a bi shekara yadda Allah Ya jera ta. Da sanyin hunturu lemon zaƙi ya cika gari, motoci na sauke shi a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, da yawansa daga Binuwai. Da rani tsamiya ta nuna, ga ƙwallon kuka, wanda farin garin cikinsa ya fi lemon zaƙi yawan bitamin C in aka auna su nauyi ɗaya. Da bazara mangwaro ya faɗi warwas, a markaɗa shi a matsa masa lemon tsami kaɗan. Kankana ba ta ma buƙatar sukari. Abarba a sha cikinta, ɓawon a wanke shi tas a dafa zoɓo da shi. Ga lamurje na iyayenmu, da tsamiya da citta da kanumfari da mazarƙwaila. Duk abin da ya yi arha a kasuwa a wannan makon, shi ne lokacinsa, kuma a lokacinsa ya fi daɗi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da garinsu, kuma yara suna son a ba su labarin garin abu. Cittar nan daga kudancin Kaduna take, wajen Kaciya da Kafancan. Kanumfari a nan ba ya fitowa, daga irin su Zanzibar ake kawo shi, ya tsallako teku kafin ya shiga turminmu. A Nijar, can cikin duwatsun Abzin, akwai wani ɗan gari Timiya, ga hamada ta kewaye shi amma lambunansa cike da lemo. Zoɓon da muke rainawa kuwa, manoman Jigawa da Kano suna noma shi a ɗure a buhuna a kai har Meziko, inda suke shan sa da sunan hamaika. 'Yan'uwanmu na zango a Gana sobolo suke ce masa, a Nijar bisaf, a Sudan karkade, kuma a can ma da shi da tsamiya da kuka ake buɗe baki da azumi. Na ɗauko tsohuwar taswirata ta makaranta muka nemo wuraren nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa mai ɗanƙon sukari.

Akwai wani ɗan wasa da nake yi musu da zoɓo, ku gwada. A zuba jiƙaƙƙen zoɓo a kofi biyu. A matsa lemon tsami a ɗaya, za ku ga jan ya ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, sai ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma wajen kore-kore. Na kanwar ba na sha ba ne, na kallo ne. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi, abin da za a koya musu ke nan a ajin kimiyya nan da shekaru, su kuwa sun riga sun gani a tsakar gida. Nakan kuma ba su labarin wani likitan jirgin ruwa na Birtaniya, James Lind, wanda a 1747 ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da ciwon da ke kumbura dasashi ya sa shi zubar da jini, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani daban. Waɗanda ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka riga kowa miƙewa. Bitamin C ne ya yi aikin, shi kuma ba ya son zafi. Don haka in kin dafa citta ko zoɓo, ki bari ya huce kafin a matsa lemon.

In babu wutar lantarki, kada a fasa. Mun sha ruwan sanyi a randa tun ba a san firji ba. Jikin tukunyar ƙasa yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Da wannan hikimar wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A zuba lemon a roba mai murfi a tsoma cikin randa, ko a naɗe ta da jiƙaƙƙen zane a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A shanye shi a ranar, don lemon gida ba shi da maganin hana lalacewa.

Ga wasu 'yan abubuwa da nake roƙon ku kiyaye. Ruwan lemon tsami in ya zauna a fata aka shiga rana yana iya ƙona ta har ta yi tabo, saboda haka a yi aikin a inuwa, a wanke hannu da sabulu da an gama. Tsami yana cin haƙori, in an sha a kurkure baki da ruwa, kada a yi saurin goge haƙori a lokacin. Kada a bar lemo ya daɗe a tukunyar dalma ko ta ƙarfe, a sa a roba ko gilashi ko ƙwarya. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, ko ɗigo kada a ba shi wai don ya ɗanɗana. Zuma kuma, duk albarkarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Ku faɗa wa yayyensa wannan, don su ne masu ɗura wa ƙani abu a ɓoye saboda ƙauna.

Wurin rabo shi ne inda tarbiyyar take taruwa. Ya zo a hadisi cewa in aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Ya kuma zo cewa an taɓa kawo masa abin sha, ga yaro a damansa ga dattawa a hagunsa, sai da ya nemi izinin yaron kafin ya ba manya, yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, shi kuma ya ba shi. Ya koyar cewa mai shayar da mutane shi ne ƙarshen sha. Da waɗannan muke tafiyar da zamanmu. Kowane mako akwai mai rabo, yana farawa ta dama, shi ne na ƙarshe. Kofin farko na kakansu ne, a kai masa da hannu biyu a durƙusa. A zauna, a yi bisimilla, a sha da dama, kada a yi numfashi a cikin kofi. Mai rabon da ya san shi ne na ƙarshe, ba a koya masa adalci, da kansa yake daidaita kofuna. Wanda ya sha kuma ya wanke kofinsa, ɓawo a kai wa awaki, tabarma a kaɗe.

Ku kuma iyaye maza, rabonku a wannan aiki ya wuce miƙa kuɗin cefane. Ranar da ba ka fita aiki, ka riƙe hannun ɗanka ku je wurin mai lemo, ka nuna masa yadda ake zaɓen mai nauyi da santsin fata, ya ji yadda ake gaisawa da yadda ake ciniki. In an kawo maka kofi ka ajiye wayar nan ka sha a gabansu. Ko ya yi tsami ka ce, "Madalla, wa ya matse wannan? Allah Ya yi muku albarka." Wannan kalma daga bakin uba, yaro yana iya riƙe ta har ya yi furfura.

Na san wata za ta ce, "Hajiya, ke kin huta ne shi ya sa. Ni ga aiki, ga wanki, ga girki, abin da zan yi cikin minti goma in na sa yara sai ya ci awa guda." Gaskiyarki, 'yata, zai ci. Shi ya sa ban ce kullum ba. Sau ɗaya a mako ya isa, ko ranar Juma'a bayan an sauko, ko da la'asar in ana shirin shan ruwa da azumi. Awa gudan nan ba asara ba ce. A nan ne za ki ji wanda aka doka a makaranta, da wadda ƙawarta ta daina yi mata magana, don yaro in hannunsa na aiki bakinsa yakan buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro yake binki yana roƙon ki bar shi ya taya ki ba su da yawa. In suka wuce, ke za ki riƙa kira yana cewa yana zuwa.

Ran nan na sake tambayar angon nawa inda ake samun lemo. Ya ce a bishiya, kuma wai ya binne 'ya'ya uku a bayan ɗakina, kullum sai ya zuba musu ruwa. Saboda haka wannan Asabar ɗin, ki sayi lemon tsami ko na kuɗi kaɗan ne, ki shimfiɗa tabarma, ki kira su duka, maza da mata. In an zubar a goge, in ya yi tsami a ƙara ruwa. Allah Ya raya mana su bisa tafarki na gari, Ya sa su ji ƙanmu ranar da ƙarfinmu ya ƙare.